Ƙiba, tiyatar rage ciki da mura: ina gaskiya, ina ji-ta-ji-ta?

Da zarar hunturu ya kama a Wudil, tari da atishawa sukan cika kasuwar Juma'a da ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Aliko Ɗangote, maganganu kuma su yi yawa a kan wanda mura ta fi kayarwa. Murar da ake nufi a nan ita ce infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ta kwantar da mutum, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Ga abin da ake faɗa, da abin da bincike ya tabbatar.

"Mai jiki ya fi ƙarfin mura, kitse na tare masa sanyi." Wannan ƙarya ce. A annobar murar H1N1 ta 2009 likitoci suka lura cewa masu ƙiba sosai sun fi yawa a cikin waɗanda aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman. Dalili biyu ne. Na farko, tumbi yana danne huhu daga ƙasa, numfashi ba ya cika, majina ta taru. Na biyu, kitse yana sakin sinadarai masu sa kumburi a hankali a cikin jiki dare da rana, har ƙwayoyin garkuwar jiki su gaji. Kamar mai gadi ne da aka hana barci, ranar da ɓarawo ya zo sai a same shi yana gyangyaɗi.

Ana auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum da tsawonsa, a sake raba sakamakon da tsawon. Mai kilo 95 da tsawon mita 1.7, lissafinsa ya kusa 33. Daga 30 ake kiran abin ƙiba, daga 40 kuma haɗarin ya tsananta.

"Mai ƙiba ya fi daɗewa yana yaɗa mura." Akwai gaskiya a nan. Wani bincike da aka yi a ƙasar Nikaragwa, aka wallafa a 2018, ya gano cewa manya masu ƙiba suna ci gaba da fitar da ƙwayar mura nau'in A na tsawon lokacin da ya zarce na sauran mutane da kashi 42 cikin ɗari. Abin da wannan ke nufi shi ne su ƙara kwanakin hutu a gida, su riƙa rufe baki in za su yi tari.

"Rigakafin mura ba ya aiki a jikin mai ƙiba." Rabin gaskiya ce. Masana a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun nuna a 2012 cewa jikin mai ƙiba yana amsa allurar da kyau a farko, amma kariyar tana saurin raguwa kafin shekara ta zagayo. A 2017 suka ƙara gano cewa masu ƙiba da aka yi wa allurar sun ninka marasa ƙiba wajen kamuwa. Duk da haka kariya kaɗan ta fi babu. Allurar ba ta cikin rigakafin da ake yi wa yara kyauta a Najeriya, don haka mai buƙata, musamman maniyyaci, sai ya tambayi likita.

"Da an yi tiyatar rage ciki, garkuwar jiki ta dawo." Ba haka abin yake ba. Tiyatar da aka fi yi a duniya ita ce yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin abinci, wata kuma a karkatar da hanyar abinci ta tsallake wani sashen hanji. Gaskiya ne kumburin jiki yana raguwa bayan aikin, ciwon suga na wasu ma yakan lafa, numfashi ya sauƙaƙa. Amma garkuwa ba ta farfaɗowa rana ɗaya. Gwaji a kan ɓeraye a Amurka ya nuna waɗanda suka rage ƙiba kafin a yi musu rigakafi sun fi samun kariya a kan waɗanda suka rage bayansa. Sannan wanda aka yi wa aikin yana iya rasa sinadarin ƙarfe da bitamin B12, dole ya riƙa shan ƙarin magunguna har ƙarshen rayuwarsa. In ya yi sakaci, sai ya rame kuma jiki ya raunana. Zuƙe kitsen ƙarƙashin fata kuwa aikin kwalliya ne, ba ya taɓa kitsen da ke kewaye da hanji da hanta, wanda shi ne mai illar.

"Maganin sa ƙiba yana ƙara lafiya." Wannan ita ce mafi haɗari a wurinmu. Haɗin da ake kira sha-ka-fashe, wanda wasu 'yan mata ke sha gabanin biki, sau da yawa yana ɗauke da dexamethasone. Fuska takan cika, a ce amarya ta yi kyau, alhali maganin yana danne garkuwar jiki, yana hawar da suga da jini.

Mai ƙiba da zazzaɓin mura ya kama kada ya tsaya sayen kafson kashe bakteriya a kemis, domin ba ya kashe ƙwayar mura. Maganinta, oseltamivir, ya fi aiki cikin awa 48 na farko. In numfashi ya fara wuya ko ƙirji na ciwo, a nufi Babban Asibitin Wudil, daga can in abin ya yi tsanani a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda kuma ke son rage nauyi ya fara da rage lemon kwalba da sugan shayi da yawan tuwon dare, ya ƙara tafiyar ƙasa. Tiyata ta masu ƙiba mai tsanani ce, likita ne kuma zai yanke shawararta.