Intabiyu a manyan kamfanonin binciken kuɗi: inda 'yan Ƙaraye da Rogo ke zamewa

Yau magana ce a kan kamfanoni huɗun nan, PwC, KPMG, Deloitte da EY. Aikinsu binciken asusun kamfanoni, harkar haraji da ba da shawara. Suna da ofisoshi a Legas da Abuja, kuma kusan kowace shekara suna ɗaukar sababbin masu digiri. Ba sai wanda ya karanta akanta ba; ɗan injiniya ko ɗan kimiyya ma yana shiga.

Abin da na lura da shi, yaranmu na Ƙaraye da Rogo ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Matakan ne ba wanda ya taɓa faɗa musu.

Na farko, takardu. Galibi ana neman 2:1, kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, da shaidar bautar ƙasa. Sannan akwai iyakar shekaru, yawanci ƙasa da talatin. Ku tuna yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Don haka wanda ya fito daga BUK ko ABU, kar ya ce sai ya huta. Lokacinka ya riga ya tafi, ɗan'uwa.

Na biyu, jarabawar intanet: lissafi, fahimtar rubutu da tunani, agogo kuma yana gudu. Tambayoyin ba su fi ƙarfinka ba, saurin ne matsalar. Ka yi atisaye da agogo a gabanka. Ranar jarabawa kuma kar ka dogara da sabis ɗin gida; ka shiga Kano, ka sami kwamfuta da wuta tsayayya.

Na uku shi ne inda aka fi zubar da mu. Za a haɗa ku rukuni, a ba ku matsalar wani kamfani ku tattauna, masu tantancewa na gefe suna rubutu. Mu an tarbiyyantar da mu da kunya: a gaban manya ka sunkuyar da kai, kar ka katse kowa. A gida wannan ladabi ne. A ɗakin nan kuwa, wanda ya yi shiru ba abin da za a rubuta masa. Ba wai ka danne kowa da surutu ba. Ka kawo hujja ɗaya mai lamba, ka ɗora a kan maganar wani, ka jawo wanda bai yi magana ba. 'Yan'uwa mata, wannan ya fi shafar ku.

Na ƙarshe, zama da manaja ko babban jami'i. Za su ce ka ba da labarin lokacin da ka jagoranci mutane. Kar ka raina abin da kake da shi. Ka riƙe lissafin takin gonar masara ta gidanku? Ka haɗa kan masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa? Ka faɗi matsalar, me ka yi, me ya fito.

Wanda ya san hanya, ya riƙo hannun na baya. Ku tura wa ƙannenku da ke bautar ƙasa yanzu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.