Kumburin Fankiriyas Mai Sauƙi: Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Warkewa Ba

Ciwon yakan zo ba sallama: zafi mai tsanani a saman ciki, daidai ƙasan ƙashin ƙirji, yana soka har gadon baya, ga tashin zuciya da amai. Mai shi ba ya iya kwanciya rigingine, sai dai ya zauna ya sunkuya gaba. A wajenmu duk zafin da ya tsaya a wannan gurbi olsa ake kiransa, sai a aika yaro kemis. Wani lokacin kuwa ba tumbi ne ke ciwo ba, fankiriyas ce ta kumbura.

Ita fankiriyas gaɓa ce doguwa, kimanin santimita 15, a kwance bayan tumbi. Tana samar da insulin mai daidaita sukarin jini, tana kuma fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo da nama. A ƙa'ida wannan ruwa ba ya fara aiki sai ya isa ƙaramin hanji. Idan ya farka tun yana cikinta, sai ya shiga cin uwar da ta haife shi. Shi ne kumburin.

Kusan mutum 4 cikin 5 da ciwon ya kama, mai sauƙin ne ke samunsu. Bisa ma'aunin Atlanta da aka sabunta a 2012, mai sauƙi shi ne wanda ƙoda da huhu da bugun jini ba su gaza ba, kuma ba wata ɓarna da ta biyo baya. Irin wannan yakan lafa cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin rage zafi. Ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta in dai ba a ga alamarsu ba, ko da dangi sun matsa a rubuta. A da ana hana majiyyaci ci kwana da kwanaki wai don cikin ya huta. Likitoci sun bar wannan: yanzu da zarar amai ya tsaya, zafi ya ragu, a ba shi abinci mara maiƙo, galibi cikin awa 24.

Inda aka fi yin sake shi ne bayan an koma gida. An ji sauƙi, an gode Allah, sai a manta da tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me ya jawo? Manyan dalilai biyu ne a duniya, tsakuwar matsarmama da giya. Bututun matsarmama da na fankiriyas a ƙofa ɗaya suke zubewa cikin hanji, don haka ƙaramar tsakuwa in ta gangaro ta toshe ƙofar, ta gama aiki. Sauran dalilan sun haɗa da yawan kitse a jini, wasu magunguna, yawan sinadarin kalsiyam, bugu a ciki, hangum, har da tsutsar ciki da kan kutsa cikin bututun. Masu ciwon sikila su ƙara lura, domin saurin fashewar jajayen ƙwayoyin jininsu na sa su tara tsakuwa tun suna ƙanana. Shi ya sa bai kamata kowa ya bar asibiti ba a yi masa hoton ciki ba, ba a kuma auna kitsen jininsa ba.

Idan tsakuwa ce, maganin shi ne a cire matsarmamar, kuma tun kafin sallama in da hali. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, mai suna PONCHO, wanda aka wallafa a 2015, ya kwatanta waɗanda aka yi wa aikin kafin sallama da waɗanda aka ce su dawo bayan kimanin wata guda. A cikin masu jira, kashi 17 cikin 100 sun sake faɗawa matsalar tsakuwa. A cikin waɗanda aka yi wa da wuri, kashi 5 ne kawai. Na san kalmar tiyata na tsinka zuciya, kuma kuɗinta ba wasa ba ne, amma a ganina mai cewa "bari in ga yadda jikin zai yi" caca yake yi, domin karo na biyu ba dole ne ya zo da sauƙi ba. Mutum na rayuwa lafiya lau ba matsarmama. Hanta ce ke samar da ruwan da ke cikinta, ita matsarmamar ajiya kawai take yi. Jiƙe-jiƙen da ake cewa suna narkar da tsakuwa kuwa, ba sa maye gurbin aikin. Wanda giya ce ta jawo masa, ya faɗa wa likita gaskiya, ya bar ta baki ɗaya, ba ragewa ba. Taba ma haka, don tana ƙara haɗarin dawowar ciwon.

Sai batun tukunya. Makonnin farko a ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini: koko, kunu, fate, dafaffiyar shinkafa, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa mai ɗan mai kaɗan, dafaffen kifi, kaza ba fata, da ruwa isasshe. A jingine ƙosai, fanke, soyayyen dankali, tsire mai kitse da man shanu. Masu zuwa dubiya su yi haƙuri, farfesun jelar sa da kayan ciki da ake kawowa don "ya mai da jiki" shi ne daidai abin da ba a so. Kasala da rashin cin abinci na iya ɗaukar makonni, ba abin tsoro ba ne. Ɗan tattaki kullum na taimakawa. Wanda azumi ya riske shi cikin jinya ya nemi shawarar likitansa kafin ya ɗauka.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: zafin ya dawo, zazzaɓi, amai ba tsayawa, ido ya yi rawaya irin na shawara, numfashi sama-sama, ko ciki ya riƙa kumbura, wanda kan nuna ruwa ya taru kusa da fankiriyas. Wasu kuma a hankali suke zuwa, bayan watanni. Bahaya mai maiƙo da ke yawo saman ruwa tare da rama na nuna ruwan narkar da abinci ya yi ƙaranci, kuma akwai ƙwayoyin da ake sha da abinci don cike gurbin. Yawan ƙishirwa da fitsari na iya zama ciwon sukari, wanda kan biyo baya ko da kumburin mai sauƙi ne. Don haka ko jiki ya yi garau, a koma a auna sukari bayan wata 3 zuwa 6, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara.