Yadda kwamfuta ke tona asirin ƙwayar sanƙarau

A shekarar 2013 cutar sanƙarau ta ɓulla a jihar Sakkwato, kafin ta tsallaka Jamhuriyar Nijar, inda ta hallaka ɗaruruwan mutane a 2015.

Da masana suka karanta bayanan gadon ƙwayar cutar, wato DNA, sai suka gano cewa sabon nau'i ne na rukunin C.

Bayanan dai jerin haruffa huɗu ne, A, C, G da T, waɗanda a ƙwayar sanƙarau suka haura miliyan biyu. Ido ba zai iya tantance su ba, sai kwamfuta.

Manhajar BLAST, wadda aka fitar a 1990, tana kwatanta jerin da waɗanda ke rumbun GenBank na Amurka, kuma kyauta ce.

Wannan dama ce ga ɗaliban kimiyya a Dundaye, mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin koyon aikin ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada.

Abin da yake buƙata shi ne wutar lantarki, da intanet, da malaman da suka san lissafi da ilimin halittu, ta yadda 'yan ƙasa za su riƙa nazarin cututtukan yankinsu da kansu.