Iskar da ba ta ƙonewa: bayani a kan injin manyan jiragen sama

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu bayyana injin da ake kira turboréacteur à double flux da Faransanci, wanda shi ke ɗauke da manyan jirage masu dogon zango, mu kuma ba da shawarar kalmomin da za a iya koyar da shi da su. Batun ya shafi mutanenmu, domin kananzir yakan cinye kashi 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 na kuɗin da kamfanin jirage ke kashewa, kuma maniyyacin Dungu ko na Kance shi ke biyan rabonsa a cikin kuɗin kujera.

Asalin aikin injin shi ne tura iska baya domin jirgi ya yi gaba. Ana iya tura iska kaɗan da gudu mai tsanani, ana kuma iya tura iska mai yawa a hankali, ƙarfin turin ya zo ɗaya. Sai dai man da za a ƙona ba ɗaya ba ne: in an ninka gudun iska sau 2, makamashin da ake buƙata sai ya ninku sau 4, alhali in yawanta aka ninka sau 2, sau 2 kawai zai ninku. Duk sirrin a nan yake. Saboda haka aka ɗora wata ƙatuwar fanka a bakin injin, tana raba iskar da ta zuƙa gida biyu. Kaɗan daga ciki na shiga cikin injin, a matse ta, a gauraya da mai a kunna, zafin ya juya farfelar baya, ita kuma ta juya fankar. Sauran, wato mafi yawa, gefe take bi ba ta ga wuta ba, kuma ita ce ke ba da mafi yawan turin.

Muna ba da shawarar a kira ta farko iskar ciki, ta biyu iskar gefe, taux de dilution kuma rabon iska. Mun guje wa kalmar tsarmi ko sirki da fassarar kai tsaye za ta jawo, don za ta sa ɗalibi ya zaci ruwa ake zuba wa mai. (Mun zaɓi fanka maimakon bantilate da ake ji a Damagaram saboda gajartarta kawai.)

Tarihin injin tarihin wannan rabo ne. A JT3D na Boeing 707, iskar gefe ba ta kai ninki ɗaya da rabi na iskar ciki ba. JT9D na Boeing 747, wanda ya fara jigila a 1970, ya kai wajen 5 bisa 1. GE90 na Boeing 777 a 1995 ya kusanci 9, haka Trent XWB na Airbus A350 a 2015 ya haura 9, da fanka mai faɗin mita 3. Da injuna suka ƙara aminci aka yarje wa jirage masu inji biyu su yi nisa da filin sauka, minti 120 a 1985, sannan 180 a 1988. Masu inji huɗu suka rasa kasuwa: an miƙa A380 na ƙarshe a 2021, 747 na ƙarshe a 2023.

Abin lura shi ne ƙasar Hausa ba riba kaɗai ta ci ba. Kano, wadda ta fi Yamai kusa da Dungu nesa ba kusa ba, ta ga jirginta na farko a 1925, kuma ta daɗe tana zama zangon da jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka ke yada zango su sha mai bayan ƙetare Sahara. Jirgin da ke iya yin tafiyar a tashi ɗaya ba ya buƙatar zango. Wannan na cikin dalilan da suka rage wa filin matsayinsa. KLM, wanda ya shafe shekaru da yawa yana sauka, ya daina zuwa a 2012.