Injin Gahawa Mai Araha: Abin Lura Kafin A Kawo Shi Barkiya

Muna zaune a bencin mai shayi a nan Barkiya bayan sallar asuba, ana ta ɗaga kofi sama ana zubo shayi cikin wani don ya huce, sai ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. Malamin makaranta ne, kuma a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya koyi shan gahawa, lokacin da karatun dare ya sa shi gaba. A fuskar wayar akwai hoton wani ƙaramin inji mai ƙyalli, gahawa na tsiyayowa daga bakinsa da kumfa ruwan zuma a kai.

"Kawu, in saya? An rubuta bar 15 a jikinsa, kuma an yi ragi."

Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta fi ƙarfin e ko a'a. Na kuma lura ba shi kaɗai ba ne: matasanmu da suka je Kano ko Abuja suka ɗanɗana esfireso, da dama sun dawo da sha'awar su riƙa haɗa shi a ɗakinsu. Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Abin da nake tsoro shi ne kuɗin gumi ya tafi a kan abin da zai ƙare a saman durowa, ƙurar hunturu na rufe shi.

Esfireso ba wani irin ɗan gahawa ba ne daban, hanyar dafawa ce. Ana niƙa gahawar ta yi laushi sosai, a danne ta cikin wani ɗan kwandon ƙarfe, sannan a tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ya ratsa ta da ƙarfin tsiya cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Abin da ke fitowa bai wuce cikin ƙaramin kofin shayin Buzaye ba, amma mai kauri ne. Ƙarfin turawar shi ake aunawa da bar, kuma bar 9 ake nema. A kan ɗan kwandon da faɗinsa ya kai kimanin santimita 5, wannan matsi ya kai a ce an ɗora masa buhun masara kusan biyu. Italiyawa sun daɗe suna fama kafin su kai nan. Angelo Moriondo ya yi rajistar injinsa a Turin a 1884, Luigi Bezzera ya inganta shi a Milan a 1901, amma dukansu da tururi suke aiki, matsinsu kaɗan ne. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Achille Gaggia ya fito da inji mai hannun ja da ya samar da matsi na sosai da kumfar nan da ake yayi, sannan a 1961 kamfanin Faema ya kawo mai famfon lantarki.

Injunan araha kashi biyu ne. Akwai waɗanda har yau da tururi suke aiki, matsinsu bai wuce bar 3 zuwa 4 ba. Sunan esfireso kawai suke ɗauke da shi. Akwai kuma masu ƙaramin famfo, irin wanda yaron nan ya gani. Lambar 15 ko 20 da ake bugawa a kwalinsu iyakar abin da famfon zai iya ne idan an toshe masa hanya, ba abin da ke isa kan gahawar ba, kuma yawanta ba shaidar nagarta ba ce. Yawancinsu suna zuwa da kwando mai gindi biyu, wanda ke tilasta wa gahawar fita ta rami ɗaya ƙanƙani. Wannan rami shi ke kaɗa kumfa, ko da garin gahawar ya shekara a kanti. Ido zai gamsu, harshe ne zai ba da labari. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A nan ne mafi yawan masu saye ke tuntuɓe, domin sirrin esfireso yana wurin niƙa. Idan garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce da gudu, a sami abu mai tsami salam. Idan ya yi laushi da yawa, ruwan zai maƙale, abin da ya ɗigo ya yi ɗaci kamar maɗaci. Tsakanin biyun tazarar ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ake bukatar maniƙa mai haƙora da ake iya saitawa kaɗan-kaɗan. Bilenda ba ta yi, injin markaɗe na unguwa bai yi, ga shi kuma zai bar wa gahawar ƙamshin barkono. Maniƙa ta ƙwarai sau da yawa kuɗinta ya kai na injin arahar ko ya fi. Garin Nescafé na gwangwani ko na leda kuwa ba ya shiga wannan inji sam, domin an riga an dafa shi an busar, narkewa kawai yake yi.

Sai maganar ɗan gahawar kansa. Wanda aka soya yana riƙe ƙamshinsa na 'yan makonni, wanda aka niƙa kuwa cikin ɗan lokaci yake sanyi, balle a zafin Maris da Afrilu na Katsina. A shagunan Kurfi da Dutsin-Ma abin da ke kan kanta shi ne Lipton da Nescafé da ganyen shayi, saboda haka sabon ɗan gahawa sai an yi saƙo daga nesa. Kofi mai ninki biyu yana cin kusan giram 18, wato ledar giram 250 kofi 14 ce. Duk mai son saye ya raba kuɗin leda da na mota gida 14, ya ga abin da kofi ɗaya zai riƙa ci masa kullum. Ya kuma tuna cewa a farkon 2025 farashin gahawar Arabika ya haura dala 4 kan kowace laba a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba, mu kuma tun 2023 naira ta zube.

Wuta ita ce ta fi damuna. Irin waɗannan injuna suna jan wat 1,000 zuwa 1,400, daidai da dutsen guga. Da yake mintuna kaɗan suke aiki, ba su cinye yunit da yawa. Matsalar ita ce nauyin da suke ɗorawa a lokaci guda. Ƙaramin janareto da ake kunna fitila da talabijin ba zai ɗauka ba, haka ma ƙaramar inbata ta sola da aka haɗa don fanka da cajin waya, ƙara za ta yi ta ɗauke. Idan kuma wutar gari ta zo da rauni, a ce ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, abin dumama ruwan zai ba da kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na zafinsa, famfon ma ya yi sanyi. Mai sayen na hannu ya duba bayan injin da kyau: wanda aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne, ana jona shi a soket ɗinmu zai ƙone.

Ruwa kuma, a leƙa gindin butar da ake tafasa ruwa kullum. In akwai farin ɓawo manne a ciki, shi ne zai taru a siraran bututun injin ya toshe su, sai an riƙa wanke shi da sinadari mai tsami a kai a kai. Ranar da famfo ko robar bakinsa ta lalace, mai gyaran rediyo da fanka zai iya buɗe shi, amma kayan canjin ne ba a samu a kusa.

Akwai wata tukunya da nake ganin ta fi dacewa da mu, ita ma daga Italiya. Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a 1933, ana ce mata moka. Gwangwani ne na alminiyam mai hawa biyu: ruwa a ƙasa, garin gahawa a wani mazurari a tsakiya, a murɗa a rufe, a ɗora a wuta. Na ga an ɗora ta a kan kurfoti da garwashi kaɗan. Minti biyar ba ta yi ba aka ji tana ƙara-ƙara, aka ɗaga murfi, ga baƙar gahawa na ɓulɓulowa ta bututun tsakiya tana gangarowa a hankali, ƙamshi ya cika zaure. Matsinta bar 1 zuwa 2 ne, don haka ba esfireso ba ce ta haƙiƙa, amma tana da ƙarfi da kauri, tana kuma karɓar madara. Ba ruwanta da lantarki, ƙaramar maniƙar hannu ta ishe ta, kuma roba guda ce ke tsufa a jikinta. Mu tuna ma a Habasha, asalin gahawa, har yau a kan garwashi ake soya ta, a daka a turmi, a dafa a tulun ƙasa, kuma alhazanmu sun san irin wadda ake zuba musu da dabino a Makka da Madina babu wani inji.

Ban ce kowa ya haƙura ba. Wanda ke da sola mai ƙarfi, yana shan gahawa kowace safiya, yana da hanyar samun sabon ɗan gahawa, kuma ya yarda zai sayi maniƙa tun kafin injin, to injin araha mai famfo zai iya yi masa aiki, musamman in ya canja kwandon zuwa mai gindi ɗaya ya zauna ya koyi saiti. Mai son buɗe wurin shan gahawa kusa da jami'a kuwa kada ya soma da shi, domin ba a gina shi don kofi hamsin a jere ba.

Da na gama, ɗan yayata ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, inbatata ma kilowat ɗaya ce." Na ce masa ya fara da moka da maniƙar hannu, ragowar kuɗin ya sa a ɗan gahawa mai kyau. Ana noman Arabika a tsaunin Mambila na Jihar Taraba da kuma tsaunukan Jos, kuma yaron yana da abokin karatu da ke aiki a Gembu, can Mambila. Kafin mu tashi daga bencin ya riga ya tura masa saƙo ya auno masa kilo ɗaya ɗanye, wanda zai riƙa soyawa kaɗan-kaɗan a kasko.