Harawar Gyaɗa da Cutar da Ta Saba da Magani



Duk wanda ya taɓa tsare garke a kasuwar shanu ta Kaase yana jiran ciniki ya san harawa ita ce jari na biyu. Harawa mai ganye tana riƙe jikin sa bayan wahalar mota. Wadda ta zama tsirarun kara kuwa, kuɗi kawai muka zubar. To, me ke cinye ganyen?

Galibi wata cuta ce ta funfuna, mai fitar da ɗigo-ɗigo masu duhu a ganyen gyaɗa, har ganyen ya kaɗe tun kafin a tuge. Ƙwayarta ba ta mutuwa da girbi. Tana kwance cikin ragowar ganye da kara a gona, ruwan damina na sauka ta tashi. Manomi ya yi feshi, shekara ta zagayo ya sake fesa magani iri ɗaya. Ƙwayoyi masu rauni su mutu, 'yan kaɗan masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har gonar ta zama tasu. Mu dai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka allurar samore ta rage ci a wasu yankunan Sikasso a Mali da Kenedugu a Burkina Faso. A Amurka ma, a jihar Jojiya, maganin Benlate ya yi aiki sosai a kan wannan cuta ta gyaɗa, amma cikin 'yan shekaru a farkon shekarun 1970 cutar ta gagare shi.

Shi ya sa masana ke bin sauran amfanin gona suna ɗiba. Ba daga wuri ɗaya ake ɗiba ba, sai an zaga gona ko tarin harawa an tsinci kaɗan-kaɗan. A zuba a jakar takarda, domin leda tana sa gumi ya ruɓar da shi. A rubuta garin, da ranar, da sunan maganin da aka fesa. A ɗakin bincike sai a raini ƙwayar a faranti, a sa mata magani daki-daki, daga kaɗan zuwa mai yawa. In ta ci gaba da tsiro a inda ya kamata ta mutu, an gane ke nan, sai a shawarci manoma su riƙa sauya magani, su kuma canza shuka a gonar. A nan Gana, binciken cututtukan amfanin gona yana hannun cibiyoyi irin su SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale, da Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Fumesua nan kusa da Kumasi.

Mu a namu ganin, in malamin gona ya nemi ɗan dunƙule daga lodinmu, a ba shi, kuma a faɗi gaskiyar inda aka saye. Motocinmu ne ke ƙetare iyaka da harawa, ƙwayar kuma ba ta nuna takarda a Paga.

Wajen saye kuma, a tambayi mai harawa ko ya yi feshi, da wane magani, da yaushe. Akwai magungunan da aka rubuta a jikin kwalbarsu cewa kada a ciyar da dabba ganyen da aka fesa wa. Wadda ta jiƙe ta yi funfuna tana wari kuwa, wannan wata matsala ce daban, tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, har ta fita a nonon saniya. Ko an rage mana rabin kuɗi, a bar masa kayansa.