Yadda kwamfuta ke mayar da jerin sunaye jimla

A ce manhaja na riƙe da sunaye uku: Kano, Katsina, Zariya. Umarnin join na Python, harshen rubuta manhaja, zai manne su da waƙafi nan take, sai dai jeri ne zai fito, ba magana ba. Turanci na sa mahaɗi kafin sunan ƙarshe kaɗai, Bahaushe kuwa yakan ce Kano da Katsina da Zariya. Wani zai ce ai waƙafi ya wadatar tunda an gane. An gane, amma mai karatu zai ji ba da shi ake magana ba. Wanda ya ƙara "da" da hannunsa kuma, ranar da suna ɗaya kawai ya zo, mahaɗin na iya saura a rataye. Shi ya sa JavaScript, wani harshen rubuta manhaja, ta tanadi Intl.ListFormat, mai duba harshe kafin ya haɗa. Duk da haka, masu yi wa Hausawa manhaja, ku karanta jimlarku a bayyane kafin ku sake ta.